Faɗa da Cikawa: Yadda Masu Bautar Kirishna Ke Auna Malaminsu

A cikin labarin Rama da mawaƙi Tulsidas ya fara rubutawa a Ayodhya a 1574, akwai wani ɗan wuri da mutanen arewacin Indiya suka haddace, har da waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. An kashe Meghnad, ɗan Ravana sarkin Lanka, a fagen daga. Matan fada suna ta kururuwa. Sai ga Ravana da kansa, wanda satar matar wani da ya yi ce ta jawo musu wannan masifa, ya shigo yana yi musu wa'azi cewa duniya ba wurin zama ba ce, komai mai ƙarewa ne. Maganarsa gaskiya ce tsantsa, babu ta yarwa. A nan mawaƙin ya tsoma baki, ya ce gwanayen yi wa wasu nasiha sun yi yawa, masu aiki da ita ne 'yan ƙalilan. Baitin ya fice daga littafi ya zama karin magana a bakin masu jin Hindi. Mu a nan cewa muke yi mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Da a nan zancen ya tsaya, da bai kai a yi masa sharhi ba, don babu al'ummar da ke yabon mai faɗa ba cikawa. Musulmi ya san ayar da ke tambayar muminai don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa. Amma a reshen addinin Hindu da ake kira bhakti, batun ya wuce ladabi da kyan hali. Da shi ake gane wane ne malami tun farko, kuma a kansa aka gina ƙungiyoyi, a kansa wasu suka tarwatse.

Bhakti ita ce bauta ta hanyar ƙauna da miƙa wuya ga abin bauta guda, ko Vishnu, ko Kirishna, ko Rama, ko Shiva, ta hanyar waƙa da ambaton suna da hidima. Ta yi ƙarfi ne a ƙasar Tamil da ke kudancin Indiya tsakanin ƙarni na 6 da na 9, a bakin mawaƙan Alvar su 12 da Nayanar su 63, daga baya ta hau arewa. A tsohuwar hadayar wuta ta zamanin Veda, abin da aka fi dubawa shi ne mai jagorancin ya fito daga gidan Brahmin, ajin limamai na gado, kuma ya furta kowace kalma daidai. Kayan da bhakti ke rabawa kuwa hali ne na zuciya. Ana iya ara wa mutum littafin da ba a karanta ba, amma ba a ɗebo wa maƙwabci wuta daga murhun da ya mutu.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda a ganina shi ya ba ƙa'idar haƙora. Da yawa daga cikin manyan bhakti ba su da asalin da tsarin ajin haihuwa na Indiya ke nema ga malami. Kabir masaƙi ne a Varanasi. Ravidas baduku ne, sana'ar da ake ƙyama a can. Namdev tela ne. Tukaram, na ƙauyen Dehu a ƙarni na 17, mai ɗan shago ne da fari ya karya. Mutum irin wannan ba shi da takardar gado da zai nuna, rayuwarsa ce kaɗai shaidarsa. Shi ya sa maganar Tukaram da ta fi yawo a Maharashtra ita ce, wanda tafiyarsa ta yi daidai da maganarsa, ƙafafunsa ne suka cancanci a durƙusa musu. Idan aka sa aiki ya zama ma'auni, baduku na iya wuce Brahmin. Ke nan ƙa'idar makami ce a hannun na ƙasa, tun kafin ta zama nasihar da ake yi wa kowa.

Ita kanta kalmar da suke kiran babban malami da ita, acarya, 'yar gida ɗaya ce da acara, wato ɗabi'a ko aiki. Wani tsohon baiti da ake yawan kawowa ya ɗora wa acarya abu uku: ya tattaro ma'anar nassi, ya dasa wasu a kan aiki da shi, shi ma ya aikata da kansa. A babi na 3 na Bhagavad Gita, littafinsu mai tsarki, Kirishna ya gaya wa jarumi Arjuna cewa abin da babba ya yi shi na baya ke yi, ma'aunin da ya kafa shi duniya ke bi. Ya ƙara da cewa shi kansa babu abin da ya wajaba a kansa ko yake nema, amma bai daina aiki ba, don da ya zauna da mutane sun zauna. A babin nan dai aka kira wanda ya kame gaɓoɓinsa alhali zuciyarsa na kiwo a wurin sha'awa da sunan mai aikin ƙarya.

Inda aka ɗauki wannan aka mai da shi ginshiƙi shi ne Bengal, a hannun Caitanya. An haife shi a Navadvip a 1486, ya yi suna a nahawun Sanskrit tun yana matashi, ya bar gida yana da shekara 24 ya zama sannyasi, wato wanda ya yi sallama da aure da dukiya, sannan ya ƙare rayuwarsa a Puri, garin haikalin Jagannath. Mabiyansa sun yi imani shi Kirishna ne da kansa ya dawo. Abin lura shi ne siffar da suka ce ya dawo da ita. Littafin tarihinsa mafi girma, Caitanya Caritamrita na Krishnadas Kaviraj, ya sa wa Kirishna magana a baki kafin saukowarsa: zan zo a matsayin mai bauta, in aikata bhakti da kaina in koya wa kowa, domin wanda bai aikata addini da kansa ba, ba ya iya koyar da shi. A imaninsu ke nan, ko abin bautar bai keɓe kansa daga dokar ba. Ya faɗa a Gita, ba a gane ba, sai ya dawo ya nuna.

Kuma rubutun da aka jingina wa Caitanya kai tsaye baiti takwas ne kacal. Sauran koyarwarsa labarin abin da ya yi ne da wanda ya ƙi yi. Sarkin Orissa, Prataparudra, ya yi ta neman ganinsa, ya daɗe yana ƙi, yana cewa sannyasi farin ƙyalle ne, ɗigon tawada ɗaya ba ya ɓuya a jikinsa. Wani amininsa ya ɗauko masa tulun man ƙamshi tun daga Bengal don a riƙa shafa masa a ka, ya ce a kai haikali a zuba a fitila, me mutane za su ce idan suka ji ƙamshi na tashi daga jikin wanda ya ce ya bar duniya? Da Raghunath Das, ɗan gidan masu kuɗi, ya zo da zumuɗin barin gida, sai ya mai da shi, ya ce kada ya yi zuhudun biri. Biri ma a daji yake, ba riga, 'ya'yan itace yake ci, amma kowa ya san halinsa.

Akwai labari guda da ke da wuyar haɗiya. Wani mawaƙinsa da ake kira Ƙaramin Haridas, wanda shi ma ya ɗauki hanyar barin duniya, ya je ya karɓo shinkafa daga hannun wata tsohuwa mai ibada, Madhavi Devi. Caitanya ya hana shi zuwa gabansa daga ranar. Manyan almajirai suka yi roƙo, ya ƙi. Bayan shekara guda mutumin ya tafi Prayag ya ba da ransa a ruwa. Littafin ya ce an yi haka ne don ya zama darasi ga sauran. Ni dai na karanta, na sake karantawa, hukuncin bai daina yi mini nauyi ba. Amma yana nuna yadda ma'aunin ke aiki. Wannan Caitanyan ne ya rungumi Jagai da Madhai, mashaya biyu da suka addabi Navadvip, bai tambaye su komai ba sai su daina. Sassauci na mai zunubin da bai yi da'awar komai ba ne. Wanda ya sa rigar da ke sa a durƙusa masa, shi ake tsanantawa.

Babban Haridas kuwa, wanda aka haifa a gidan Musulmi kuma bai taɓa shiga haikalin Jagannath ba saboda asalinsa, shi aka ba laƙabin acaryan ambaton suna. Littattafansu sun ce suna 300,000 yake ja kullum. A kansa ne Sanatan Goswami, tsohon wazirin Sarkin Bengal Husain Shah, ya yi rabon da mabiya ke maimaitawa har yau: wani yana aiki ba ya wa'azi, wani yana wa'azi ba ya aiki, kai ka haɗa biyun, don haka kai ne malamin kowa. Kalmomin biyu a harshensu tagwaye ne, acara da pracara, aiki da yaɗawa. Ɗan'uwan Sanatan, Rupa Goswami, ya zayyana sharaɗin a baiti guda. Wanda ya iya danne yunƙuri shida, na magana, na zuciya, na fushi, na harshe mai son daɗi, na ciki da na al'aura, shi ya cancanci ya yi almajirai a duk duniya. Babu ilimi a cikin jerin, babu asali, babu iya zance. Ya ma fara ne da riƙe baki, ga mutumin da aikinsa magana ne.

To, a nan ƙullin yake. Idan sai mutum ya gama danne waɗannan shida zai buɗe baki, wa zai yi wa'azi? Caitanya ɗin da ya tsananta haka, shi ne a tafiyarsa ta kudancin Indiya ya gamu da wani magidanci mai suna Kurma, wanda ya roƙi ya bar iyalinsa ya bi shi. Ya ce a'a, zauna a gidanka, duk wanda ka gani ka gaya masa koyarwar Kirishna, da umarnina ka zama malami ka tsamo ƙasar nan. Mutumin jiya-jiya ya fara. Sanatan ma, in an lura, bai yabi mai aiki shiru ba, ya lissafa shi ne cikin masu rabi. Saboda haka duk mai son fitowa wa'azi da wuri yana da nassinsa, mai cewa a dakata shi ma yana da nasa.

Yadda na fahimci sulhun shi ne, ƙa'idar ba ta neman kamala kafin magana. Abin da take nema shi ne kada baki ya wuce inda ƙafa ta kai. Kurma zai iya cewa maƙwabcinsa zo mu yi ambato, tunda shi ma yana yi. Ba zai hau kujera ya ce ya ga abin da bai gani ba. Ramakrishna, wani malamin Hindu na Bengal da ya rayu daga 1836 zuwa 1886, yana ba da labarin wani likita da ya ce wa majiyyaci ya dawo wata rana a gaya masa abin da zai ci. Mutumin ya sha tafiya ya dawo, likita ya ce ka daina shan maɗi. Aka ce, wannan ai da ka faɗa masa tun ran nan. Ya ce ran nan tulunan maɗi ne jere a ɗakina, da ya gani da ya ce ashe ba wani abu ba ne. Likitan bai jira ya zama waliyyi ba, tulunan kawai ya kawar. Bhaktisiddhanta Sarasvati kuwa, wanda ya kafa Gaudiya Math, wata ƙungiyar mabiya Caitanya, ya zaɓi doguwar hanya. Daga 1905 ya shiga alwashin jan suna biliyan ɗaya a Mayapur, ya shafe kusan shekara goma a kai, sai a 1918 ya ɗauki rigar sannyasi ya fito yaɗawa gadan-gadan.

Haɗarin da ya fi wannan yana wata ƙofa, kuma nassin ne da kansa ya bar ta a buɗe. A cikin Bhagavata Purana, sarki Parikshit ya tambayi mai ba shi labari yadda Kirishna, mai tsare addini, zai yi rawar dare da matan wasu. Aka amsa masa cewa masu iko kamar wuta suke, tana cin komai ba ta ƙazantuwa, kuma Shiva ya sha guba ya rayu, wanda ya kwaikwaye shi mutuwa zai yi. A bi maganar manya, aikinsu kuwa sai wanda ya dace da maganar. An yi amsar ne don a hana ɗan Adam kwaikwayon abin bauta. Amma a al'adar da ake ce wa almajiri ya ɗauki malaminsa tamkar abin bautar, malami mai son zuciya ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya ce shi ma wuta ne. Ga kuma wani baiti a babi na 9 na Gita da ke cewa ko mai mummunan hali ne, in ya keɓe bautarsa ga Kirishna, a ɗauke shi mutumin kirki. An saukar da shi don kada mai tuntuɓe ya yanke ƙauna, aka mai da shi garkuwar mai kujera. Da haka ake juya ƙa'idar a kife. Asalinta: yana aikatawa, shi ya sa ya zama malami. Juyinta: malami ne, don haka duk abin da ya aikata daidai ne. Asaram, mai wa'azin da ya tara mabiya masu ɗimbin yawa kafin wata kotu a Jodhpur ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2018 kan yi wa yarinya fyaɗe, har yanzu yana da masu rantsuwa cewa sharri aka yi masa.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne na ƙungiyar ISKCON, 'yan Hare Kirishna, waɗanda ke da wuraren bauta har a Legas da Accra. Bhaktivedanta Swami Prabhupada, almajirin Bhaktisiddhanta, ya sauka Amurka a jirgin ruwan dakon kaya a 1965 yana da shekara 69, ya kafa ƙungiyar a New York a 1966. Ya mai da acara abin da ake iya ƙirgawa. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Ba kayan maye, har shayi da kofi. Ba caca. Ba jima'i a wajen aure. Sannan zagaye 16 na carbi mai ƙwaya 108 kowace rana, wato jan addu'ar mai suna 16 a ciki sau 1,728, abin da ke cin kusan awa biyu. Wanda ya lissafa zai ga na Haridas ya ninka wannan fiye da sau goma, ke nan kusan dare da rana yake yi. Matasan Amurka da suka bi Prabhupada suna zaune da shi, suna ganin lokacin tashinsa da abin da ke kwanonsa, kuma hakan ya ja su fiye da falsafar da da yawansu ba su gama ganewa ba.

A watan Yulin 1977 ya ambaci almajirai 11 da za su riƙa shigar da sababbi a madadinsa. Ya rasu a Vrindavan ranar 14 ga Nuwamba. A 1978 aka raba wa mutanen nan duniya yanki-yanki, kowa acaryan yankinsa, aka kafa musu manyan kujeru a ɗakunan bauta, ana yi musu hidimar girmamawa kullum. Galibinsu Amurkawa ne, babu wanda ya wuce shekara 12 a addinin. Kafin 1987 ta ƙare, shida daga cikinsu sun sauka ko an kore su, wani kan ƙwaya, wani kan mata ko maza, wani kan makamai da kuɗi. Kirtanananda, shugaban New Vrindaban a jihar West Virginia, ya amsa laifi a kotun tarayya a 1996 ya tafi kurkuku. Mafi muni shi ne abin da ya sami yara a makarantun kwana na ƙungiyar, wanda mujallarta da kanta ta wallafa bincike a kai a 1998, tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara a Dallas a 2000, aka ƙare da biyan diyyar dala miliyan 9.5.

Ba rashin sanin ƙa'ida ya kayar da su ba. Sun haddace baitin Rupa Goswami, suna koyar da shi da safe. Abin da ya ɓace shi ne idon da ke gani. Acara ma'auni ne da ke aiki a inda almajiri ke kwana kusa da malaminsa, ya san ko ya tashi ibadar ƙarfe huɗu da rabi na asuba ko bai tashi ba. Da aka ɗora mutum a kujerar da ta fi kan kowa, yana yawo a jirgin sama tsakanin ƙasashe, aka kuma koya wa na ƙasa cewa sukar malami babban zunubi ne, sai ya zama babu mai auna shi, shi ma ya daina auna kansa. 'Yan'uwansu na tsara, waɗanda suka san su tun ba su zama kowa ba, su ne suka tayar da gyaran da ya rushe tsarin yankuna a 1987, aka fitar da kujerun, aka ƙara yawan masu shigar da almajirai, aka sa su a ƙarƙashin majalisar gudanarwa.

Abin mamaki, magungunan duk suna cikin tsofaffin littattafan, an dai fi son karanta wasu shafuka ne fiye da wasu. Littafin ƙa'idojin ibada na mabiya Caitanya ya ce malami da mai neman zama almajiri su zauna tare shekara guda, kowa ya jarraba ɗan'uwansa. Mahabharata ta ce malamin da girman kai ya rufe wa ido, bai san abin yi da na bari ba, ya saki hanya, a rabu da shi. A Taittiriya Upanishad kuwa malami ne da bakinsa ke sallamar ɗalibin da ya sauke karatu, yana ce masa ayyukanmu masu kyau su za ka bi, ban da sauran. Wato ya amsa cewa akwai sauran. A yau da yawancin mabiya ke sanin malaminsu ta YouTube, daga wuya zuwa sama, cikin hasken da aka gyara, shekarar nan ta zaman tare ita ce ta fi komai wuyar samu.

Akwai wani dattijo a Puri mai suna Ramacandra Puri, wanda suka yi malami ɗaya da malamin Caitanya, ke nan kamar baffa yake gare shi a hanya. Mutum ne mai neman laifi, yakan matsa wa mutum ya ƙara abinci, in ya ci ya koma yana zaginsa da haɗama. Ya yi ta bin diddigin Caitanya bai sami komai ba. Wata safiya ya shiga ɗakinsa ya ga tururuwa, ya ce lallai jiya an ci kayan zaƙi a nan, kai, sannyasi da bin daɗin baki! Kowa ya san tururuwa ba ta neman izini kafin ta shiga ɗaki. Almajirai suka fusata. Caitanya bai yi musu ba, bai ce shi wuta ne ba. Ya kira mai yi masa hidima ya ce daga yau a rage abincinsa ƙwarai, ya kuma hana a zagi dattijon, yana cewa abin da ya faɗa game da sannyasi gaskiya ne. Ya rame har mutanensa suka riƙa kuka, da ƙyar suka shawo kansa ya ɗan ƙara. Sai da Ramacandra Puri ya bar garin ya tafi yawon ziyararsa, sannan ya koma cin abinci yadda ya saba.